Ranar da Jatau Ya Amsa

Na'urar Matuni tana ƙugi a hankali, kamar ƙudan zuma a cikin kogo. An kifa wa Malam Barau hularta a ka, siraran wayoyi suna zuƙo abin da yake tunawa, suna zuba shi a siffar haske cikin tsohon ramin kwal na Dutsen Baƙi. Shekara hamsin ke nan da rufe ramin. Birnin da ke samansa da hasken rana yake aiki, motocinsa a iska suke shawagi. Barau kaɗai ya rage cikin mahaƙan, shi ya sa aka ɗauko shi don a gina gidan tarihi da ƙwaƙwalwarsa.

Sai ga su sun bayyana, mutanen haske, shuɗi-shuɗi, fitila a goshi, diga a kafaɗa, suna tafe kamar a ƙarƙashin ruwa. Barau ya ga kansa a cikinsu yana saurayi.

Mahaƙan suna da doka guda. In an tashi aiki a jere ake fita, kowa ya kira sunan na bayansa, kuma ba a ɗaga ƙafa sai an amsa. Barau na haske ya waiga ya ce, "Jatau!" Shiru. Nan take jerin ya tsaya cak. Kwana uku suna tsaye.

Hurera, injiniyar da ta ƙera na'urar, ta durƙusa gaban Malam Barau. "Baba, mutanenka sun ƙi fita, ga shi jibi za a buɗe wurin."

"To, an amsa ne?"

"Ka tuno wata ranar mana, wadda kowa ya fito lafiya."

"'Yar nan, shekara goma sha tara na yi a ramin nan, amma wannan ranar ce kaɗai ta zauna mini. Rufi ya rufta wa Jatau. Kwana biyu muna kira, har muryata ta dishe."

Mutanen wannan zamani tarihi mai daɗin haɗiya suke so. Hurera ta tsinto muryar Jatau daga tsofaffin hirarrakin da ke cikin ƙwaƙwalwar Barau, ta harhaɗa, ta danna. Daga can cikin duhu aka ce, "Ina nan, mai kan tulu! Wuce mu je!"

Barau ya san ƙarya ce. Amma fiye da shekara sittin yana jiran wannan zagin. Hawaye ya jiƙa masa gemu. Da ta tambaye shi ko a bar shi haka, sai ya gyaɗa kai. Ba wanda ya tilasta shi.

Ranar buɗewa, jerin ya fito yana dariya, Jatau a ƙarshe yana kakkaɓe wuyansa. Jama'a suka yi ta tafi. Wani ya ce ashe aikin ba shi da wani haɗari.

Wata dattijuwa ta ratso taron da sandarta. Talatu ce, 'yar Jatau, wadda aka bari tana rarrafe. Ta daɗe tana kallon Jatau na haske, ta miƙa hannu, hannun ya ratsa ƙirjinsa. Sannan ta juyo.

"Baba Barau, kai ka ce wa innata yana ciki. A kan maganarka ta yi takaba. Tunda ya fito, me ya hana shi zuwa gida?"

Barau ya buɗe baki. A bayansu na'urar ta koma farko, mahaƙan suka sake jeruwa.