Ciniki da Kujerar Malam

"Malam, ka ji abin da yarinyar nan ta taya?"

Auta ta waiga don ta ga wanda tsohuwar, mai gidan da suka zo saya, ke yi wa magana. Babu kowa. Kujerar katako ce a kusurwar falon, an ɗora mata matashi, ga takalman namiji a gabanta kamar yanzu aka cire su.

Tsohuwar ta karkata kunne, ta gyaɗa kai.

"Ya ce albarka."

Tsigar jikin Auta ta tashi. Mijin matar nan fa tun bara ya rasu! Ta saci kallon Kafinta, masoyinta, ta ga gumi na tsattsafo masa duk da sanyin da ke falon, ga rana tsaka a waje.

"Autata, mu tafi..." ya ce da raɗa.

Su tafi ina? Abbanta ya rantse ba zai ba da 'yarsa ga mai kwana a shago cikin garin katako ba. Ko ya mallaki gida kafin wata ya mutu, ko ya ɗauke ƙafa. Duk gidan da suka duba ya fi ƙarfinsu, sai wannan da Dillali ya nuna musu. Shi Dillalin ɗan aminin Abba ne, ya taɓa neman Auta ta ƙi shi, yanzu kuma wai ya zama ɗan'uwa. Har shawara ya ba ta a ƙofa kafin ya zame: "Ki kushe gidan sosai, tsohuwar ba ta da wuyar karaya."

Auta kuwa atamfa take sayarwa, kushe kaya a jininta yake. Ta gyara zama, ta taɓe baki.

"Haba Iya! Ki dubi ƙofar can, a karkace take. Tagar kicin kamar ramin ɓera. Wanda ya yi ginin nan ko ido ɗaya gare shi?"

Famfon da ke ɗiga a kicin tun shigowarsu ya tsaya cak.

Ƙofar da ta kushe ta motsa a hankali, ƙiiii... ta rufe kanta. Ko iskar da za ta ɗaga labule babu.

"Innalillahi..." in ji Kafinta.

Tsohuwar ba ta ko waiwaya ba. Idonta na kan kujerar, hawaye na bin kuncinta.

"Yi haƙuri, Malam, yarinya ce." Sannan ta dubi Auta. "Da hannunsa ya gina, 'yar nan. Ya dawo aiki a gajiye, ya ɗora bulo, ni ina miƙo masa ruwa. Tagar nan daidai tsayina ya yi ta, don in riƙa hango dawowarsa. Ya ce a ninka kuɗin. Ya ce kuma ko kun biya ba zai sayar muku ba."

Nan take Auta ta gane. Amma Dillali an yi mugu! Ya san gidan, ya san tsohuwar, ya san abin da ke korar masu taya, shi ya sa ya tura ta ta kashe cinikin da bakinta. Kunya da baƙin ciki suka shaƙe ta.

"Tashi, hasken idona," in ji Kafinta. "Zan koma in roƙi Abba."

"Sau nawa ka roƙe shi?"



Ta miƙe. Ta wuce tsohuwar, ta je gaban kujerar ta durƙusa. Sanyi ya daki fuskarta kamar an buɗe firji, ga wani ƙamshin turare da ba na kowa a falon ba. Tsoro take ji kamar ta zura da gudu, amma tsoron rasa Kafinta ya fi.

"Baba... ƙarya na yi."

Ta sunkuyar da kai.

"Wallahi tun daga bakin ƙofa gidan ya shiga raina. Halin 'yan kasuwa ne ya ja ni, ka yafe mini. Abin da na taya ma ba shi ne ƙarshenmu ba, na ɓoye wani abu. Ga duka." Ta kwance jakarta ta ajiye kusa da takalman. "Bai kai kuɗin gidanka ba, na sani. Amma ina son bawan Allahn nan, Baba! In ban same shi ba, ban san yadda zan yi da raina ba..."

Kuka ya ci ƙarfinta. Ta ji Kafinta ya durƙusa a gefenta.

Ɗis.

Famfon ya ci gaba da ɗiga.

Tsohuwar ta daɗe tana saurare, har da ɗan murmushi.

"Ya sallama. Ni ɗana zai zo ya ɗauke ni. Sai dai shi Malam ya ce ba inda za shi."

Kafinta ya dubi masoyiyarsa. "Auta..."

"Mun yarda," in ji Auta.

Ranar da aka ba su makullai, Abba ya zo fuska a murtuke, don Dillali ya riga ya cika masa kunne wai kango suka saya. Ya ce su tsaya a waje, shi kaɗai zai duba. Ya shiga, ya daɗe. Auta ta cinye farcenta tas.

Da ya fito, sai ga shi yana dariya yana gyara hula.

"Ja'irai! Shi ne ba ku gaya mini akwai babba a ciki ba, kuka bar ni na faɗa masa falo haka? Dattijon kirki, wallahi. Ya yi mini faɗa sosai, ya ce in daina wahalar da yara." Ya dafa kafaɗar Kafinta. "Ka turo magabatanka gobe. Na ba ka ita."

Abba ya wuce mota abinsa.

Kafinta ya jingina da bango, bakinsa a buɗe. Auta na kuka tana dariya, ta taka har bakin ƙofar falon. Ba ta yarda ta leƙa ba. Ta dai rusuna, ta ce a hankali:

"Mun gode, Baba."