Ƙofar Ɗanyen Katako

Rana ta yi ja. Kafinta ya kulle shagonsa da ke jikin gida, yana wanke hannu a bakin famfo, sai ya ji tafi. Daga cikin shagon yake fitowa, hannu biyu kawai, a hankali, kamar na wanda wasa bai burge shi ba. Ya buɗe ƙofa. Ba kowa sai zarto da guduma da garin katako.

Bai gaya wa kowa ba. Dama shi ba mai magana ba ne.

Kashegari da magariba duwatsu suka fara sauka a kan kwanon rufi. A rana ta uku 'yarsa Auta ta daina cin abinci. Ta shige cikin durowar kayan uwarta, ta ja murfi, ta zauna a duhu.

Auta mai son littattafan nan ce da ake kashe mutum a bayan labulen gidan wasa, a yi ta neman wanda ya yi. Da wani mai rufa-ido ya ba ubanta aikin akwatin ɓatar da mutum, mai ɓoyayyiyar ƙofa a baya, ita ta nace sai ta zama mai shiga. Sau ɗaya kafinta ya je kallo. Mai rufa-ido ya rufe ta, ya ɗaga sanda, ya yi kira: "Ya ku mutanen ɓoye, ku ɗauke ta!" Ya buɗe, wayam. Jama'a suka ɓarke da tafi. Kafinta ya yi tsaki.

"Aljanin nan ni na kafa shi da ƙusa huɗu," ya ce wa matarsa.

Yanzu matar ce ta tsaya a kansa.

"Baban Auta, muryar da ke cikin durowar nan ba ta 'yata ba ce. In ba za ka kira Malam ba, ni zan je."

Malam ya zo bayan la'asar, tsoho ne mai sanyin murya. Aka fito da yarinyar da ƙyar. Ya zauna kusa da kanta ya fara karatu. Can jikinta ya sandare, wata murya mai kauri ta fito daga bakinta.

"Ya isa, dattijo. Ba da faɗa na zo ba."

"Kai wane ne?"

"A ƙarƙashin dandamalin wasan nake, tun kafin a sa masa fitila."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ita? Ba komai. Tambayi wancan da ya sunkuyar da kai. Da wane katako ya yi ƙofar?"

Kafinta ya ƙara sunkuyar da kai. Busasshen katako ya ƙare masa a lokacin, mai rufa-ido kuma na ta azalzala. Ya sa ɗanye, ya shafa fenti a kai.

"Wasa talatin ana kirana ana yi mini ƙarya, ban tanka ba," in ji muryar. "Ran wasan ƙarshe katakon ya kumbura, ƙofa ta cije. Yarinya tana turawa, numfashi na ƙare mata, kiɗa ya hana a ji ta. Ni na fitar da ita. Sai aka tafa wa mai sanda. An ce in ɗauka, na ɗauka. Tawa ce."

"Wanda ya ba ka ba tasa ba ce," Malam ya ce. "Ba a kyauta da kayan mutane. Ka yi alheri, kada ka ɓata shi."

"To, a biya ni."

"Ko kaza ba za a yanka maka ba."



"To, a faɗi gaskiya. Ya hau dandamalin, a gaban waɗanda suka yi tafin, ya nuna ƙofar, ya faɗi abin da ya yi. Ran da ya faɗa, na tafi."

Shekara talatin kafinta yana cin abinci da sunansa. Ya dubi hannuwansa.

"Bayan wannan wa zai ba ni aikin ko kujera?"

"Kujera kake haifa?" matar ta ce.

A daren wasa na gaba, mai rufa-ido ya yi ta kumfar baki, amma kafinta ya ture shi ya hau dandamalin. Zauren cike yake. Ya tsaya cikin hasken fitila da gudumarsa, ya yi maganar da ta fi wadda ya yi a shekara guda. Ya juya akwatin, ya tura ƙofar. Ta ƙi. Ya sa kafaɗa, ta ƙi. Sai da ya doke ta da guduma ta tsage.

A cikin katakon, daga sama har ƙasa, duk sawun farce ne.

Ba wanda ya motsa a zauren. Daga ƙarƙashin ƙafafunsa aka yi tafi sau uku, sannan shiru.

Da ya isa gida, Auta na zaune a bakin ƙofa.

"Baba, yunwa nake ji."

Ya durƙusa ya kama hannunta, ya juya shi. Faratan duk a kakkarye suke. Kwana goma sha biyu ke nan tun ran da ƙofar ta cije tana gabansa, sai yau ya duba.