Yatsu Huɗu Tsakanin Katako da Bango

Ranar da aka fitar da tsohuwar durowar falo, wadda gara ta cinye wa baya, Mama ce kaɗai a gidan ba ta yi murna ba. Auta, 'yarta ta ƙarshe, har rawa ta taka da tsintsiya a hannu, tana cewa dama ta gaji da ganin wannan uban akwati da ya tare rabin ɗaki. Ita kuwa Mama tsayawa ta yi tana kallon bangon da ya fito fili.

Baba ne ya gina bangon nan da hannunsa shekara tara da suka wuce. Magini ne shi, shekara arba'in yana sana'ar, kuma falon shi ne aikinsa na ƙarshe kafin yanar ido ta rufe masa gani. A lokacin ganin ya riga ya fara raguwa, amma ya ƙi yarda kowa ya kama masa. Tun makon farko Mama ta lura saman bangon ya ɗan kwanta baya. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta sa aka jingina durowar a wurin, ta ɗora akwatuna a kanta.

To, ga Auta da saurayinta, wani kafinta mai shago a ƙarshen layinsu. Shekara biyu yana zuwa, yaro mai sanyin magana, kullum da fensir a bayan kunne. Ya nemi izinin turo iyayensa, Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai ranar da aka fitar da durowar ya sa aka kira shi. Ya ce shi bai taɓa iya karanta fuskar mutum ba ko da idonsa na lafiya, amma aikin hannu ya iya karantawa. A yi masa kanta a jikin bangon nan tun daga ƙasa har silin, mai hawa-hawa a sama da ƙofofi a ƙasa. In an gama zai shafa ya ji, sannan ya ba da amsa.

Mama tana bakin ƙofa lokacin da yaron ya zo awo. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya rubuta. Sai ya sa hannu a jaka ya ciro ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a tsakiya, wanda ake ɗorawa a ga ko abu ya miƙe. Ya kalli bangon, ya kalli Baba da ke zaune a kujerarsa, sai ya mayar da shi jaka a hankali. Kunya ce ta hana shi. Ta yaya zai gwada bangon babban magini a gaban mai shi? Mama ta buɗe baki za ta ce ɗana, gwada mana, sai ta fasa. Ta koma kicin ta tarar ta sa gishiri sau biyu.

Kwana goma sha biyu yana aikin a shagonsa. Kullum Auta sai ta sami dalilin bi ta ƙarshen layi, yau allura, gobe katin waya, ta dawo tana ba Mama labari: ya goge katakon da samfefa har ya yi santsi kamar kumatun jariri, ya zaɓi wani dizain da babu irinsa a unguwar, hawa na uku ya yi shi da tsawo saboda hoton aurensu Mama ya shiga. Mama ta riƙa cewa Allah Ya yi albarka.

Ranar kafawa Gwaggo ta zo, ƙanwar Baba. Ita dama ba ta son zancen. A ganinta yarinyar da ta yi karatun aikin jinya ma'aikacin ofis ya dace da ita, ba wanda zai riƙa shigo mata da garin katako a gashin gira ba. Ɗan Zarto take kiransa, ko yana wurin ko ba ya nan.

Aka tayar da kantar ta tsaya kyam, ta yi kyau ƙwarai. Daga gaba babu abin da za ka kushe. Amma Gwaggo ba daga gaba ta tsaya ba, zagayawa ta yi ta gefe. Ƙasan katakon ya manne da bango, saman kuwa ya bar rata. Ta hau kan kujera, da girmanta da komai, ta zura hannu.

"Yaya, zo ka ji abin mamaki. Yatsuna huɗu sun shige. Ɗan Zarto ya yi wa ɓeraye bene."

Baba ya tashi da sandarsa. Ya shafa gefen kantar tun daga ƙasa, yana tafiya sama har inda hannunsa ya kai, yatsunsa suna shiga ratar. Da ya buɗe baki bai ɗaga murya ba. Ya tambayi yaron ko ya auna kafin ya yanka. Yaron ya ce ya auna. Baba ya ce to wanda ya auna ya bar yatsu huɗu, wanda bai auna ba me zai bari?

Kafinta ya kalli saman bangon. Mama ta ga lokacin da ya gane, don idonsa ya sauka a fuskarta sau ɗaya, ya kawar. Ya durƙusa.

"Kuskurena ne, Baba. A ba ni kwana uku in gyara."

Gwaggo ta yi dariya ta ce a ba shi shekara uku ma. Baba ya koma kujerarsa ya ce kwana ukun ya bayar, amma kada kowa ya ƙara tayar masa da waccan maganar ta aure.

A tsakar gida Auta ta tare kafintan, Mama tana jinsu ta tagar kicin. Yarinyar ta matsa masa da tambaya har ya gaya mata gaskiya: kantar a miƙe take, bangon ne ya kwanta. Ta ce to ya shiga ya faɗa mana. Ya ce ba zai iya ba. Ta ce ya karkata kantar ta bi bangon kowa ya huta. Ya ce in ya yi haka ƙofofin ƙasa ba za su rufu daidai ba, kuma shi ba zai kafa wa mahaifinta karkataccen aiki ya ce masa miƙaƙƙe ne ba.

"Wato in zauna ina kallo Gwaggo ta mayar da kai abin dariya? Don Allah, kalma ɗaya ce fa."

"Kalma ɗaya ce a wurinki. Shi kuwa ita ce ta rage masa. Idonsa ya tafi, ƙarfinsa ya tafi, abin da yake riƙe da shi kawai shi ne bai taɓa gina abin da ya karkace ba. Ni ne zan karɓe wannan, sannan in ce ya ba ni 'yarsa?"

Ta ce ashe mutuncin Baba ya fi ta a wurinsa. Ya ce kuskuren ma ai da nasa a ciki, tunda ya ciro ma'auni ya mayar. Ta juya ta shige ɗaki tana kuka, ya tsaya da jakarsa a hannu kamar wanda mota ta bari a tasha.

Kwana biyun da suka biyo baya Mama ba ta san inda za ta sa kanta ba. In ta shiga ɗakin Auta ta same ta kwance ido ya kumbura, sai ta ɗaura niyyar zuwa ta faɗa wa Baba komai. In ta iso falo ta gan shi zaune yana shafa kan sandarsa, sai niyyar ta narke, ta tambaye shi ko a kawo masa shayi. Sau uku tana kawo shayin nan a yini ɗaya, har ya ce mata ko so take ta nutsar da shi. Auta ma ta zo ta tsaya a gabansa sau ɗaya za ta faɗa masa, ta ƙare da cewa farcensa ya yi tsawo, bari ta yanke masa.

A rana ta uku da hantsi kafinta ya dawo da dogon falle na katako a kafaɗa. Ya gaishe da Baba ya fara aiki. Ya tsayar da fallen a gefen kantar, ya ɗora fensir a kan ɗan guntun katako, ya riƙa jan guntun a jikin bango tun daga sama har ƙasa, fensirin yana zana yanayin bangon a kan fallen. Sannan ya fita tsakar gida ya bi zanen da zarto, ya fere, ya dawo ya gwada, ya sake fita ya fere. Ya yi sawu ya fi goma, gumi har ya jiƙa masa riga. So yake fallen ya rufe ratar ruf, yadda ko allura ba za ta shiga ba.

Yana shirin buga ƙusa Baba ya ce ya dakata, ya miƙo masa abin da yake ta ferewa tun safe. Ba yadda yaron zai yi, ya miƙa masa. Baba ya ɗora fallen a cinyarsa ya shafa shi daga wannan baki zuwa wancan. Gefe ɗaya a miƙe yake sak. Ɗaya gefen kuwa ya fara da faɗi a sama, yana tsukewa a hankali har ya zama siriri a ƙasa.

"Me ya sa ka yanka shi haka?"

"Haka wurin ya nema, Baba."

Baba ya kira Mama ya ce ta kawo zare da kwaɗon ƙofa. Ya ɗaure kwaɗon a bakin zaren da kansa. Ya sa aka kira Auta, ta hau kujera ta riƙe ɗaya bakin a saman kantar, kwaɗon yana lilo har ya tsaya. Ya bi zaren da yatsa: katakon yana tare da shi tun daga sama har ƙasa. Ya ce ta mayar da zaren jikin bango. Tana dannawa a sama, zaren ya kwanta a kan bangon, kwaɗon ya ƙi sauka yadda ya kamata, ya tsaya yana gogar siminti.

"Tun yaushe kika sani?" Bai juya ba, amma Mama ta san da ita yake.

Ta ce tun makon da ya gama shi. Hawaye suka zubo mata, ta ce ta rasa bakin da za ta faɗa masa da shi, shi ya sa ta rufe wurin. Ya ce shekara tara yana zama da baƙi a falon nan yana cika baki. Ya tashi ya shige ɗakinsa ya turo ƙofa.

Kafinta ya tattara kayansa. Auta ta raka shi ƙofar gida, ta ce masa sori da murya ƙasa-ƙasa, ya ce babu komai, amma fuskarsa ta nuna ya riga ya cire rai. Mama kuwa ta ɗauka ta yi asara biyu, miji ya yi fushi, auren 'ya ya lalace.

Washegari da safe Baba ya fito da wankakkiyar riga ya ce a kira masa Gwaggo da yaron. Da suka zauna, ya sa Gwaggo ta sake hawa kujerar ta zura yatsunta. Ta ce ai ta riga ta auna, huɗu ne.

"Huɗun nan nawa ne," in ji Baba. "Bangona ne ya kwanta. Kika yi masa dariya, ni na ci masa fuska, ya durƙusa ya ce kuskurensa ne."

Gwaggo ta sauko a hankali tana gyara mayafi. Ta ce to ita ina ta sani, ai ba a rubuta a jikin bangon ba. Baba ya juya wajen kafinta ya tambaye shi ko a rushe a sake. Yaron ya ce ya duba shi sosai jiya, shekara tara babu tsaga ko ɗaya, ginin da ƙarfinsa, ba rushewa yake buƙata ba. Baba ya yi ɗan murmushi, ya ce amma nan gaba ko bangon ubansa ne ya ɗora ma'auni kafin ya yanka katako, kunya ba ta cikin kayan aiki.

"Je ka buga fallenka. In ka gama ka gaya wa iyayenka ina jiransu."

Auta ta rufe fuska ta ruga ɗaki. Mama ta bi bayanta, suka rungume juna suna kuka suna dariya. Da ta fito Baba ya ce mata a hankali, yadda ita kaɗai za ta ji, shi ma ya gode, amma kada ta ƙara ɗaukar irin wannan kaya ita kaɗai.

Cikin mako guda aka gama falon. An shafa wa kantar mai ta yi sheƙi, aka yi wa bango fenti ruwan madara, Auta ta ɗinka sabon labule. Gwaggo da kanta ta kawo wani tulun furanni ta ce a sa a hawa na biyu, ta kuma tambayi angon, cikin basarwa, ko zai leƙa ya duba mata ƙofar kicin da ta ƙi rufuwa.

Ku 'yan mata, in za ku duba miji, kada ku tsaya kan wanda ya fi kowa iya kare kansa da baki. Ku dubi yadda yake yi in gaskiya tana hannunsa, kuma faɗinta zai kunyata wanda ya girme shi. Wanda ya iya haƙurin rufa wa mahaifinki asiri alhali aurensa ne a kan layi, ke ma zai rufa miki ranar da naki kuskuren ya fito. Mu kuma iyaye, mu riƙa bincike kafin mu yanke wa 'ya'yan mutane hukunci, don wani lokacin laifin daga ɗakinmu yake.