Man Keke a Faifan Birki

A Kusada akwai wata yarinya 'yar aji biyar, mai zafin nama. Ba ta ganin abu ya lalace ta wuce. Hali ne mai kyau, sai dai ita ba ta tambaya.

Mahaifinta, Malam Ɗalha, ɗan acaɓa ne. Bayan kaka ya sayar da gero da wake, ya sayi sabon babur a shagon Alhaji Kamilu a Kankiya. Birkinsa na gaba faifan ƙarfe ne a jikin taya. Alhaji ya ba shi takardar garanti ta wata shida. Ya ce duk abin da ya zo da aibi daga kamfani za a canza kyauta, muddin ba wanda ya taɓa shi.

Ko sati biyu ba a yi ba, birkin gaba ya fara kuka. Da an damƙe shi sai ƙara, har a zauren maƙwabta ana ji. Malam Ɗalha ya ce zai mayar in ya sami sarari. To, ina ɗan acaɓa ina sarari?

Yarinyar ta saba ganin innarta, Haulatu, tana ɗiga wa keken ɗinki mai in ya fara kuka. Ran nan da la'asar Baba ya tafi masallaci, sai ta ɗauko kwalbar man keke. Ta ɗiga wa faifan, ta bi shi da tsumma har yana sheƙi. Ba ta gaya wa kowa ba. So take Baba ya ji shiru, ya tambayi wanda ya yi wannan aiki.

Washegari a hanyar Yashe garken shanu ya ratsa titi. Malam Ɗalha ya damƙe birkin gaba, babur ya ƙi tsayawa. Ya taka na baya, taya ta ja, sai ga shi cikin karan dawa. Allah ya tsare, ba fasinja, gwiwa kawai ya ƙuje.

Ransa a ɓace ya nufi Kankiya. Ya ce an sayar masa da kaya mara kyau. Alhaji Kamilu ya shafa faifan, yatsarsa ta fito da maiƙo. Ya ce an taɓa birkin, don haka garanti ya tashi. Malam Ɗalha ya ce ba wanda ya taɓa. Magana ta yi tsami, mutane suka taru. A ƙarshe aka tsaya a kan rantsuwa. Ranar Asabar Malam Ɗalha zai dafa Alƙur'ani ya ce ba a taɓa birkin a gidansa ba, Alhaji kuma ya canza faifan.

Da ya dawo ya ba Inna labari. Yarinyar tana gefe tana cin tuwo, sai ta ajiye lomar, ta tsame hannu. A Islamiyya an gaya musu nauyin rantsuwa. Ga shi Baba zai rantse a kan abin da ba gaskiya ba, bai sani ba, kuma ita ce sanadi.

Kwana biyu tana rufe da baki, ko abinci ba ta ci sosai. Tana tsoron bulala, tana jin kunya. Inna ta tambaye ta ko zazzaɓi ne, ta ce a'a.

Ranar Asabar da safe Malam Ɗalha ya yi alwala, ya sa hula. Yana tura babur waje yarinyar ta durƙusa a gabansa.

"Baba, kada ka rantse," ta ce. "Ni na sa wa birkin man keke. Na ɗauka kukan zai daina."

Ya dube ta. Bai ɗaga hannu ba.

"Kin san da wannan magana ba za a canza mini komai ba?"

"Na sani, Baba."

"Ɗauko hijabinki. Da bakinki za ki gaya wa Alhaji."

A hankali suka tafi, da birkin baya kaɗai. A ƙofar shago ta sunkuyar da kai ta faɗi komai. Malam Ɗalha ya ba Alhaji haƙuri a gaban mutanen da suka ga faɗan da ya yi masa.

Alhaji ya kira bakanikensa, Abdullatif. Shi kuma ya wanke faifan da fetur, ya ɗaga tayar gaba. Ya kara alli kusa da faifan, ya juya tayar. Allin ya taɓa gefe ɗaya, ya bar ɗaya gefen.

"Alhaji, mai ba ya lanƙwasa ƙarfe," in ji Abdullatif. "A karkace faifan nan ya zo, shi ya sa yake kuka. Amma takalman birkin da ke matse faifan sun sha mai, sun tashi aiki."

Alhaji ya ce in takarda za a bi, yana iya ƙin canzawa. Amma tunda yarinya ta faɗi nata laifin, shi ba zai ɓoye na kayansa ba. Ya canza faifan kyauta. Takalman birki kuwa aka ce na mai ɓarna ne. Daga baya sai da aka sayar da kazar yarinyar guda ɗaya tilo aka biya. Ta yi kukan kazar, ba ƙarya.

A ranar, a hanyar komawa gida, Baba ya tsaya gindin wata tsamiya, ya juyo.

"Abin da ba ki sani ba, ki tambaya kafin ki taɓa," ya ce. "In kuma kin yi kuskure, ki faɗa da wuri, tun kafin ya faɗa kan wani. Da kin yi shiru, da yanzu na dafa Alƙur'ani a kan ƙarya. Allah ya yi miki albarka."

"Amin, Baba," ta ce. Sai a lokacin ta ji yunwa.