Wa Zai Sallaci Goggo?

Karima ta yi jifa da ƙunshin goron, ya watse har gindin randa.

"Goggo, Liman ya maido goron ɗaurin aurena!"

Goggo, kakar da ta rene ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Laifin Mutari, wanda za ta aura, guda ne. Ya dawo daga ci-rani yana ɗora hannu a ƙirji in yana salla, alhali a ƙauyensu na gefen Tajaye kowa sakin hannu yake yi. Hamza ɗan Liman, wanda Karima ta ƙi bara, shi ya kai tsegumin. Ran Juma'a Liman ya yi shela: duk wanda ya tsaya wa auren nan, in ya mutu ba zai sallace shi ba.

Sai gari ya yi tsit. Masu cika baki jiya duk suka shige ɗaka, matsoratan banza!

Karima malamar tarihi ce, shi ya sa abin ya fi ƙona mata rai.

"Satin jiya nik karantad da yara a lakwal, cikin aji, yadda manyan cocin Turai na da ka hana mutum kabari in ya saɓa musu. Ashe ga shi ƙohwar gidanmu!"

Mutari ya yi sallama ya shigo, idanunsa jajur.

"Masoyiya, in hannun na, sai in sauke..."

"Wallahi ka sauke don tsoro nai, ba ni aurenka!"

"To Goggo hwa?"

Shekara goma Goggo na ajiye da likkafaninta a akwati, ba ta da burin da ya wuce a sallace ta. Hawaye suka zubo wa Karima.

"Shi ke nan... na haƙura."

"Kin haƙura da mi?"

Goggo ce. Ta miƙe da ƙyar, ta shiga ɗaki, ta fito rungume da farin ƙyallen.

"Aljanna gonar uban Liman ta? Ku tsince goron ga, gobe garin Illela za a ɗaura auren."

Ta juya ga Mutari.

"Kai, ka iya sallar gawa?"

"Na iya, Goggo."

Ta danƙa masa likkafanin.

"To riƙe. Ran da nim mutu, kai ka sallatata. Hannun kau, ko bisa kai ka aza shi."