Gurbin da Babu Taurari

Sati biyu da yi wa Baba aikin ido, ya matsa sai na kai shi ya ga farin layin taurarin nan da ke ratsa sama, wanda fitilun gari suka ɓoye masa shekara arba'in. Muka yi tafiyar awa guda a mota, na tsaya a wani fili, babu gida babu bishiya, na kashe fitila.

Da muka fito, na kunna waya don in ga inda zan taka.

"Kashe wannan, yarinya," in ji wata murya a gefena. "Sai ido ya saba da duhu."

Ba muryar Baba ba ce. Baba ya yi sallama, aka amsa. Na ce a raina makiyayi ne, amma ban ji motsin dabba ba, kuma ƙwarin da ke ta kuka duk sun yi tsit.

Na kashe wayar. A hankali layin ya bayyana, kamar an watsa gishiri. Baba ya yi ta tasbihi. Can sai ya damƙe hannuna.

"Uwata, idon ne ya sake lalacewa, ko ke ma kina ganin wurin da babu taurari?"

Ina gani. A tsakiyar layin akwai wani baƙin gurbi mai kai da kafaɗu.

"Yauwa, yanzu kun saba," in ji muryar, daga can sama.

Sai gurbin ya fara sunkuyowa.