Ba a Ɗaure Maharbi, In Ji Yaya

Tun da sassafe Auta ta goge masa riguna, ta ninke su cikin jakar tafiya, ta cusa sabulu da maganin sauro a aljihun gefe. Dogo, mijinta, yana zaune a bakin gado yana ɗaure igiyar takalmin aiki, ɗaurin da ya ƙi ƙarewa. Ya kwance, ya sake ɗaurewa. A waje direban motar haƙar rijiyar burtsatse sai danna hon yake yi.

"Wannan karon aikin da nisa," in ji Dogo, bai ɗago kai ba. "Ƙasar wajen duk dutse ce, ƙila mu daɗe. Amma in kina ganin zaman kaɗaicin zai yi miki yawa, sai in—"

"Haba, Yallaɓai! Ni yarinya ce? Tafi abinka, Allah ya tsare hanya. Ni ko a jikina!"

Har da 'yar dariya ta haɗa masa. Ya dube ta ɗan jim, ya ce, "To." Ya saɓa jaka ya fita. Ta tsaya a taga tana ɗaga masa hannu har motar ta sha kwana, sannan ta zauna a gurbin da ya bari a bakin gado, ta yi kuka irin wanda ba a son maƙwabta su ji.

Wanda ya ga haka zai ce munafunci ne. Ba munafunci ba ne, karatu ne, kuma Yaya Babba ce malamar.

Yaya Babba ita ta riƙe Auta tun rasuwar mahaifiyarsu. Tana da shagon gyaran gashi, kuma ko ruwa ba ta kai wa baki da safe sai ta duba abin da taurari suka ce a wayarta. Farkon auren, da Dogo ya yi tafiyarsa ta farko, Auta ta je shagon ido jawur. Yaya ta kashe injin busar da gashi ta ce, "Tsaya tukuna. Yaushe aka haifi mijin nan naki?"

"Farkon Disamba."

Yaya ta tafa hannu. "Shi ke nan! Sajitariyos! Burujin Maharbi! Auta, me ya sa ban tambaya ba tun kafin a ɗaura?"

Ta juyo mata da wayar. Ga hoton wata halitta, sama mutum, ƙasa doki, ta ɗana kibiya a baka tana hangen nesa.

"Duk wanda aka haifa daga ƙarshen Nuwamba zuwa wajen ashirin ga Disamba, nan ya faɗo. Burujin wuta ne. Yawo gare su kamar sun ci ƙafar kare. Ga kyauta, ga fara'a, ga faɗin gaskiya gatsau ko da za ta yi ɗaci, ga alkawari rututu. Amma abin da suka ƙi jini a duniya shi ne a ce musu zauna. Kin ga ƙafafun dokin nan? Ranar da kika ɗaure shi, ranar zai tsinke igiya."

Auta ta ga lallai komai ya yi kama. Dogo ba ya iya riƙe abin hannunsa. Ranar da suka fara haɗuwa ma, a shagon tabarau inda take aiki, ta zaɓa masa firem, ya duba madubi ya ce, "Wannan ya mai da ni mujiya, amma mai zaɓen ta yi." Wa zai faɗi haka in ba mai magana gatsau ba?

"To yaya zan yi, Yaya?"

"Ki sake masa linzami. Kada ki kira shi, sai in ya kira. Kada ki ce kin yi kewarsa. In zai tafi ki yi masa dariya." Muryarta ta ɗan yi ƙasa. "Ni nawa ma ɗan Disamba ne. Na riƙe shi da kuka, da kira ba dare ba rana. Yau ina yake?"

Mijin Yaya ya tafi neman kuɗi shekarun baya, saƙon saki ne kaɗai ya dawo. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, har ya ja na kusa da shi su gudu tare.

Haka Auta ta ɗauki karatun, ta haddace shi fiye da malamar. Gidan nasu ɗaki biyu ne a saman bene, amma in Dogo ba ya nan sai ya yi mata faɗi kamar filin ƙwallo. Takan fito da kofi biyu bisa sabo, ta mayar da ɗaya. Silifas ɗinsa na nan bakin ƙofa, takan share ƙarƙashinsu ta mayar da su yadda ya bar su. In ta dawo daga aiki takan kunna rediyo, ba don ta saurara ba, don dai a ji muryar namiji a gidan. Sau da yawa ta rubuta masa, "Gidan ba daɗi in ba ka nan," ta zuba wa rubutun ido, ta tuna ƙafafun doki, ta goge. In ya kira ya ce, "Yaya kike?" sai ta ce, "Garau! Ina bizi ma wallahi, kostomomi sun yi yawa." Shi kuma ya ce, "Madalla." Ta yi kewarsa har ta rame, kuma duk duniya shi kaɗai ne bai sani ba.

Ana nan, ran nan da hantsi, sai ga Inna, mahaifiyar Dogo, ta shigo shagon riƙe da tabarau ɗinta, hannunsa ɗaya ya cire. Auta ta durƙusa ta gaishe ta, ta ba ta kujera, ta ɗauko ɗan ƙaramin sukudireba. Inna ta amsa gaisuwar a daƙile.

"Ba gyaran tabarau kaɗai ya kawo ni ba, 'yar nan. Me yaron nan ya yi miki?"

"Wallahi babu komai, Inna."

"Babu komai? Kamfaninsu sun ba shi shugabancin garejin gyaran injuna a nan cikin gari, ya kwana gida ya tashi gida, ya ce a kai kasuwa. Yanzu kuma jiya ya kira ni, wai ya karɓi kwantiragi a wata ƙasa, shekara biyu ba zuwa gida. In ya dawo wannan makon, haɗa kaya kawai zai yi."

Sukudireban ya suɓuce daga hannun Auta, ya gangara ƙarƙashin kantar shagon.

"Na ce masa, kai da sabon aure? Ya ce, ‘Inna, Auta ta fi walwala in ba na nan. Ban taɓa cewa zan tafi ta ce zauna ba. Tun kafin in nemi jaka ta haɗa ta. Gara in ba ta wuri.’ Yaron da tun yana ƙarami ko aike mai nisa ba ya so! Da ƙyar muka cire shi daga gida ya tafi makarantar kwana, yana riƙe da zanena yana ihu. In ba kya sonsa ki faɗa, kowa ya kama gabansa, amma kada ki kore min ɗa da dariya."

Auta ta fashe da kuka a gaban kantar. Ta ina za ta fara gaya wa surukarta cewa doki ne ya ja mata?

Ana tashi aiki ta nufi shagon Yaya. Ta tarar da ita tana tsefe wa wata kai, ta zayyana mata komai.

"Ai na gaya miki!" in ji Yaya, har da nuna ta da mataji. "Shekara biyu a wata ƙasa? Sajitariyos sak! Zancen wai ba ki ce zauna ba, hujja ce kawai yake nema. Yanzu ne ma za ki daɗa sakin linzami. Kada ki kuskura ki roƙe shi, ajinki zai zube!"

"Yaya, in ya tafi kin ce halinsu ne. In ya zauna fa?"

"Sai ya gaji ya tafi."

"Ke nan ko ta yaya wayarki ce mai gaskiya, ni ce dai marar miji."

"Auta! Ni kike gaya wa magana? Ni da na goya ki?"

"Yi haƙuri, Yaya. Ban raina goyonki ba. Amma shekara guda ina tambayar taurari halin mutumin da muke kwana ɗaki ɗaya, shi ban taɓa tambayarsa ba."

Yaya ta juya ga kan da take tsefewa, idonta ya ciko. Auta ta fita. Ba ta taɓa saɓa wa yayarta ba sai ranar. Ta isa gida ba miji, ba 'yar'uwa, ko rediyon ma ba ta kunna ba.

Dogo ya dawo ranar Alhamis da la'asar, ya yi baƙi ya rame, da jar laka a takalmi. Ya yi wanka, ya ci abinci yana yaba shi sama-sama. Sannan ya share murya.

"Na san Inna ta gaya miki. Jibi ne tafiyar. Babban akwatin nan na saman kwaba zan ɗauka."

Ya sauko da shi ya ajiye a tsakar ɗaki, ya juya zai ɗebo kaya. Da ya waiwayo sai ya ga Auta ta zauna daram a kan akwatin, ta harɗe hannuwa.

"Tashi in buɗe mana."

"Ba zan tashi ba."

"Auta, lafiya?"

"Ba lafiya ba! Kada ka tafi!" Maganar ta fito da ƙarfi har ita kanta ta tsorata. "Ba na so ka tafi! Ban taɓa so ba! Duk dariyar nan ƙarya ce, kana shan kwana nake kuka. Ba ni da wani bizi, ƙuda nake kora a shago ina duban waya. In tsinke igiyar za ka yi, tsinke, amma yau sai na ɗaura!"

Dogo ya tsaya baki buɗe da singileti a hannu. "Wace igiya kuma?"

Cikin shessheƙa ta ba shi labari tun daga farko, har ta nemo masa hoton a waya. Ya karɓa ya duba sama, ya duba ƙasa.

"Yanzu ni ne wannan? Ni ne rabin doki?"

"Yaya ta ce burujinku—"

"Ni da ko a bayan mota amai nake yi in hanya ta yi gargada?"

Dariya ta so kama shi, amma ba ta kai ba. Ya zauna a ƙasa kusa da akwatin, da ya buɗe baki muryarsa ta sauya.

"Tun da sun ce muna faɗin gaskiya gatsau, bari in cika musu wannan ɗaya. Kin cuce ni, Auta. Kin san me ya sa nake daɗewa wajen ɗaurin takalmi? Jira nake ki ce kalma ɗaya. Abokan aikina matansu na kiransu har su yi tsaki, ni ina zaune bakin rami ina goge waya kamar ita ce ta lalace. Na ɗauka kin yi nadamar aurena ne, kunya ta hana ki faɗa." Ya goge ido da singiletin. "Ni ma na cuce ki. Da na tambaye ki baki da baki, da ba mu kai nan ba. Na tsaya ina karanta fuskarki, ke kina karanta waya."

"Ka yafe min, Yallaɓai."

"Sai kin sauka daga kan akwatin mutane."

"Ba zan sauka ba sai ka kira manajanku!"

A gabanta ya kira, ya ce ya fasa tafiyar. Manajan ya yi faɗa son ransa, sannan ya gaya masa abin da ba su so ji ba: shugabancin gareji tuni aka ba wani. In zama yake so, sai dai ya yi aiki ƙarƙashin yaron da shi ya koya wa riƙon sifana, kuma duk da haka ba za a rasa 'yan gajerun tafiye-tafiye ba. Dogo ya dubi matarsa a kan akwati, hawaye shaɓe-shaɓe, ya ce, "Na karɓa, ranka ya daɗe."

Ba a gyara ɓarnar shekara a wuni guda. Inna ta daɗe tana amsa gaisuwar Auta a tsaye, Yaya kuma ta yi fushi ta daina ɗaga waya. Auta ba ta gaji ba, duk ƙarshen mako sai ta je ta gaishe su, har kowace ta sauko. Ranar da Yaya ta huce, tana cikin gyara wa Auta gashi ta ce a hankali, "Ƙila nawa ba Disamba ce ta kore shi ba. Ƙila dama can mai tafiya ne." Auta ta kama hannunta ta riƙe.

'Yan'uwa mata da maza, abin da ke zuciyar mutum Allah kaɗai ya sani, sai kuma mai ita in an tambaye shi. Watan haihuwa ba ya aure, mutum ake aure. Haƙuri ado ne a gidan miji, amma haƙurin da ya hana ka gaya wa masoyinka kana sonsa ba haƙuri ba ne, cuta ce ta mutum biyu.

Bayan wani lokaci aiki ya taso a wani ƙauye, na 'yan kwanaki. Dogo ya zauna bakin gado zai ɗaure takalmi, direba na danna hon a waje. Auta ta tsaya a kansa da jakar a rungume, ta ƙi miƙa masa.

"Ba na so ka tafi. Kada ka daɗe, ka ji? Kuma zan kira ka har sai ka yi tsaki!"

Ya yi dariya har da buga ƙafa. A ranar ɗauri ɗaya ya yi wa takalmin ya miƙe.